Ɓarawon da Ya Share Shago

Ranar Asabar da hantsi, saura mako guda Babbar Salla, aka aiko wa Mainasara cewa an yi sata a shagon ɗan wansa. Kafin ya isa layin dukawa na kasuwar Umdurman, duk wanda Allah ya ba ƙafa biyu ya riga ya tattake ƙofar shagon. Haka mutanenmu suke, wallahi. Su za su aika a kira mai bin sawu, su ne kuma za su taru su yi ta safa da marwa a kan sawun har ya iso.

Shekara talatin da ɗaya Mainasara ya yi wa 'yan sanda aikin gassas, wato mai bin sawu, tun Ingilishi na nan har suka tattara suka tafi. Ya kama ɓarayin raƙuma ba adadi, ya taɓa bin mutum guda kwana tara daga Jazira har Kosti. Yanzu gwiwa ta sa ya ajiye aiki, amma har gobe in yana tafiya ƙasa yake kallo.

Ya kutsa cikin taron. Muntari, ɗan wan nasa, yana zaune dirshan ya rungume wani tsohon bangon littafi na baƙar fata, babu ko warƙa guda a cikinsa.

"Baffa, na shiga uku," in ji shi. "Littafin Hawaja ne."

Hawaja Manoli wani tsohon ɗan kasuwa ne mutumin Girka da ke Khartum. Shi ya kawo littafin a sake masa ɗinki, don a layin nan babu mai hannun Muntari. Muntari ya warware ɗinkin, ya goge takardun ɗaya bayan ɗaya, ya danne su da dutse a ɗakin baya ranar Alhamis don su miƙe. Bangon kuma ya kulle a akwati. Jumma'a ba a buɗe shago ba. Yau da ya ɗaga dutsen, wayam.

"Kwaɗo lafiyarsa ƙalau, ya Ammi," in ji Shawish Jibirin, ɗan sandan da aka turo, wanda ya taɓa aiki da Mainasara. "Makulli biyu ne, nasa da na Haliru abokin sana'arsa. Ɓarawon kuma ya san da zamanka a garin nan, don sai da ya share ɗakin tas kafin ya fita."

Mainasara ya durƙusa da ƙyar a bakin ɗakin bayan. Gaskiyar shawish ne. An share, an yayyafa ruwa, an jingine tsintsiya a mazauninta. Ga tarin kwalin da ake yi wa gafakar Alƙur'ani bango da shi, an jera a jikin garu. Ga kwanduna biyu a lungu.

Kwandunan nan dokar Jatau ce, wan Mainasara, mahaifin Muntari, wanda ya kafa shagon. Kwalin gafaka da tsofaffin takardu ake yin sa, a manna su da talge bisa juna, a rufe ciki da waje da takardar buhun siminti. Ragowar da aka datse kuwa maƙwabcinsu mai ɗinka markub, takalmin fata na 'yan Sudan, ke kwashewa, ya sa a tafin takalmi don ya yi ƙwari. Shi ya sa Jatau ya raba kwando. Duk takarda mai rubutun Larabci ta dama ce, ba a taɓa ta, a kai kogi, kada a je a taka sunan Allah. Mai rubutun Nasara ta hagu ce, ita ce ta manne. Shekara hamsin ba a taɓa saɓa wa wannan doka ba.

A waje surutu ya kaure. Larabawan layin suna cewa Fallata ne, haka suke kiranmu, su suka ci abinsu. Namu kuma suna zunɗen Haliru da baki. Shawish ya tasa ƙeyar Muntari, tunda shi aka ba amana.

*

Mulazim, hafsan da ke riƙe da ofishin 'yan sanda, matashi ne, bai san Mainasara ba, bai kuma ba shi kujera ba.

"Ɗan wanka yana da jinsiyya?"

"A Barakat aka haife shi, cikin gonar auduga."

"Takardar zama ɗan ƙasa na tambaye ka, ya Haj."

Babu. Wa ya ba mu? Mulazim ya ce ranar Alhamis zai miƙa magana kotu, in an gama ɗaurin shekaru a sa shi a mota a kai shi iyaka, ya koma inda suka fito. Inda suka fito! Mutumin da ko hanyar Kano bai sani ba, mai mata da 'ya'ya huɗu a Umdurman.

A gida Khadiga, matar Muntari, ta tare shi a zaure idonta jawur.

"Baffa, don girman Allah kada Baba ya ji. Mun ce masa Muntari ya tafi Madani sayen fata. Likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Jatau na kishingiɗe a inuwar darbejiya yana jan carbi. Ya haura tamanin, kunne ya yi nauyi, ido ya yi hazo, hannu na rawa. Shekara biyu ke nan da Muntari ya hana shi zuwa shago, wai ya huta haka nan. Jatau ne ya goyo Mainasara a baya daga ƙasar Kano da iyayensu suka mutu a hanyar Makka, Makkar da har yau ba su isa ba.

"Ƙanena, ka ga yaron nan ko? Salla ta matso, aiki ya yi yawa, shi kuma ya kama hanyar Madani," in ji tsohon da ƙarfi irin na kurame. "Sun mai da ni tsumma. Talgensu ma guba suke zubawa a ciki wai don ƙwari. A kusanci Alƙur'ani da guba! Ni ruwan dabino nake sawa, kwali ya yi laushi ya shekara ɗari."

"Haka ne, Yaya," in ji Mainasara, bai ko saurara da kyau ba. Ya sha jin wannan mita.

*

Ranar Lahadi ya hau bas ya ƙetare gada zuwa Khartum. Gidan Hawaja Manoli duk akwatuna ne a ɗaure. Shekarar ce bayan gwamnatin soja ta karɓe kamfanonin baƙi, 'yan Girka na ta ficewa. Tsohon yana zaune a kan akwati, ya fi Mainasara iya Larabci.

"Wa ya san darajar littafin?" Mainasara ya tambaya.

"Babu. Ni kaina ban karanta shi duka ba, Latin ne. An buga shi kusan shekara ɗari biyar da suka wuce, lokacin injin ɗab'i yana sabo. A tsibirinmu a da akwai wasu mayaƙa masu gicciye a ƙirji, 'yan'uwan juna na rantsuwa. Littafin bikin shigar da mutum cikinsu ne. Akwai zane. Mutum ya durƙusa da kyandir a hannu, rigarsa ba ɗamara. Ya ɗora hannu a kan littafi ya rantse ba mata, ba dukiya, ba musu. A ɗaura masa takobi, a yafa masa baƙin mayafi. Sannan a ce masa, ba mu yi maka alkawarin komai ba sai gurasa da ruwa da tufa mai araha."

"Da wa suke yaƙi?"

Hawaja ya dube shi. "Da ku."

"To, madalla," in ji Mainasara. Wato saboda littafin masu yaƙar Musulmi za a kori ɗan Musulmi daga ƙasar da aka binne cibiyarsa.

"An ci su da yaƙi daga baya," in ji Hawaja. "Suka shiga jirage suka bar tsibirin, littafin ya rage a gidan kakanninmu. Kakana ya zo da shi nan. An karɓe kantina, an karɓe sitona, matata tana maƙabartar Khartum. Shi kaɗai zan kai wa 'yata. Shi ya sa na ce a gyara shi, kada ya isa yana zubewa."

Mainasara ya fito ba tare da ya iya tsanar mutumin ba, kuma hakan ya ƙara ɓata masa rai.

*

Awadiyya mai shayi, wadda ke zama daura da shagon, ita ta ba shi zare na farko ranar Litinin.

"Jumma'a ba na fitowa, ya Ammi. Amma Laraba na ga wannan dillalin mai farar hula, mai kai wa Turawan otal tsofaffin takubba. Ya tsaya da Haliru suna ƙus-ƙus."

Yini guda Mainasara ya kashe a kan dillalin. Ya bi shi daga otal zuwa kasuwar Suk al-Shabi, ya same shi yana cin wake da mai. Mutumin ya yi dariya har da ƙwarewa. Tun daren Laraba yana Shandi wajen bikin ƙanwarsa, sai Asabar ya dawo, direban mota da mutum goma suka shaida. Abin da ya haɗa shi da Haliru kuben wuƙa ne.

Saura Haliru. Ranar Talata Mainasara ya same shi a shago shi kaɗai yana datsar kwali, yana ja masa jar fata. Aikin Salla ba ya jiran kowa.

"Ina ka yini ranar Jumma'a?"

"A gida, Baffa."

"Ƙarya kake. Na duba takalminka tun Asabar. Akwai baƙin mai da garin ƙarfe a tafinsa. Ƙasar Alshajara ce wannan, ta bakin garejoji."

Haliru ya ajiye wuƙa, ya sunkuyar da kai. Da ƙyar maganar ta fito. Ya je neman aikin ɗinkin kujerun mota ne, don yana son barin shagon, kuma ya rasa da wane ido zai kalli Muntari ya faɗa masa. Mainasara ya sake hawa bas har Alshajara. Mai garejin ya ce ƙwarai, tun safe har bayan sallar Jumma'a yana wajensa, tare ma suka ci abinci.

Ya dawo da la'asar gwiwa na zogi, zuciya babu daɗi. Kwana huɗu, babu sawu ko ɗaya. Ya ratsa ta ofishin 'yan sanda ya kai wa Muntari abinci, ya tarar bai taɓa na jiya ba.

"Baffa, in an kai ni iyaka ka riƙe min yaran. Baba kuma ku ci gaba da ce masa ina Madani."

Mainasara ya ajiye masa kwanon yau. Ya ɗauki kwanon jiya ya fito.

*

Laraba da sassafe ya karɓi makulli a hannun Haliru ya shiga ɗakin bayan shi kaɗai. Ba don yana sa ran komai ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da garu, ya zuba wa daɓen ido, don bai san wani abin kallo ba a duniya in ba ƙasa ba.

Sai ya ga kiyashi.

Layi guda ne siriri, ya fito daga tsagar garu, ya bi gindin bango, ya wuce tukunyar talgen Muntari bai ko kula ta ba, ya hau tarin kwali. Mainasara ya matsa da rarrafe. Na ƙasan tarin babu kiyashi ko ɗaya. Na saman kuwa, guda huɗu da suka rage, baƙi ƙirin suke da su a gefe-gefe.

Ya ɗauki ɗaya ya kai hanci. Ya ɗanɗana bakinsa da harshe. Zaƙi-zaƙi.

"Innalillahi," in ji shi a hankali.

Ya ɗebo ruwa a randa ya jiƙa kusurwar kwalin, ya jira, ya sa farce ya ɗaye takardar simintin. A ƙarƙashinta ga baƙaƙen Nasara, manya, masu kauri. Ya ƙara ɗayewa. Ga rabin mutum a durƙushe da kyandir a hannu.

Ya juya ya kalli tsintsiyar da ke jingine a mazauninta. Kai, Mainasara! Shekara talatin da ɗaya, amma ka bar shawish ya karanta maka ƙasa. Wane ɓarawo ne zai yayyafa ruwa ya mayar da tsintsiya inda ya ɗauke ta? Wannan sharar mai sana'a ce da ya gama aikinsa. Shi kansa an sha dungure masa kai yana ƙarami a kan wannan shara.

Ya daɗe a zaune. Ya yi tunanin ya ce shi ne, amma ba shi da makulli, bai kuma iya talge ba. Ya yi tunanin ya mayar da kwalin ya yi shiru, sai ya tuna gobe Alhamis. Daga ƙarshe ya je ya sami mulazim ya ce ya gano littafin, kuskure ne, ba sata ba.

"Kuskuren wa?" in ji mulazim. "Ba na sakin mutum a kan labari. Ka kawo min hannun da ya yi."

*

Da la'asar aka taru a shagon. Mulazim da shawish sun zo da Muntari da ankwa a hannu. Ga Hawaja Manoli an ba shi kujera, ga Haliru, ga Awadiyya a bakin ƙofa, ga Ibrahimu mai markub, maƙwabcinsu. Jama'ar layi sun cika waje.

Mainasara ne ya shigo a ƙarshe, riƙe da hannun wansa. Ce masa ya yi ana neman shawararsa a kan wani aiki, tsohon kuwa har da sa babbar rigarsa. Da Muntari ya gan shi sai ya tura hannuwansa cikin riga.

"A'a, ka dawo daga Madani?" in ji Jatau. "Ina fatar?"

Mainasara ya ɗauko kwali guda ya sa masa a hannu, ya ɗaga murya yadda zai ji.

"Yaya, wa ya yi wannan?"

Tsohon ya shafa shi, ya lanƙwasa, ya saki. Sai fuskarsa ta washe, irin ta wanda aka kama da abin kirki.

"To, tunda kun gano. Ni ne. Ai ina da makullina na da, ga shi nan a carbi. Duk Jumma'a bayan asuba nakan zo in ɗan taɓa, in koma kafin su Khadiga su ankara. Yaron nan aiki ya yi masa yawa, ga Salla. Na tarar ya danne wasu takardun Nasara a ƙarƙashin dutse, na ce wannan ya tanada ne don manne bai samu sarari ba." Ya juya wajen ɗansa. "Ina ka samo su? Wallahi tun da nake ban taɓa riƙe takarda irinta ba. Kamar ƙyalle. Goma sha biyu na fitar."

Muntari ya fashe da kuka, ankwar ta fito fili. Tsohon ya ƙura mata ido yana ƙoƙarin gane mene ne.

Dole Mainasara ya faɗa masa, da ƙarfi, a gaban duk layin dukawa, kalma bayan kalma: littafi ne, na wannan Hawajan ne, amana ce, kuma kwana biyar ɗansa na tsare a kansa.

"Littafi?" in ji Jatau. "Ai babu bango. Na duba, Ƙanena. Idona bai mutu duka ba. Larabci a haɗe yake tafiya, wannan kuwa a rarrabe yake, tsaye-tsaye. Na hagu ne."

Hawaja Manoli ya karɓi kwalin da aka ɗaye. Ya daɗe yana kallon mutumin da ke durƙushe.

"Sauran takwas fa?"

"Na yanka su tun Lahadi," in ji Haliru, muryarsa ba ta fita sosai. "Na ɗauka Muntari ne ya yi su. Suna cikin gafaka, an kai makarantu."

Tun Lahadi. Ranar da Mainasara ke Khartum yana tambayar wa ya san darajar littafi, kiyashin na nan suna jiransa. Wannan ya ci shi har cikin ƙashi.

Jatau ya lallaɓa ya matso kusa da Hawaja. Shi abu ɗaya ne ya dame shi.

"Hawaja, gafarta min, tsufa ne. Amma faɗa min. Me aka rubuta a ciki? Labarin ciniki ne, ko na gwamnati?"

Mainasara ya yi wa Hawajan ido, ya girgiza kai. Amma mutumin takardar yake kallo, hawaye ya rufe masa ido, bai gani ba. Ya sa yatsa a layin farko ya karanta da Latin, sannan ya juya shi da Larabci.

"Da sunan Allah. Haka ya fara. Addu'o'i ne da rantsuwa. Kusan kowane shafi akwai sunan Allah."

"Wane Allah?"

"Allah guda nawa ne, ya Haj?" in ji Hawaja.

Tsohon ya juya a hankali yana neman Ibrahimu mai markub a cikin hazon idonsa.

"Ibrahimu. Ragowar?"

"Na kwashe tun Lahadi da yamma, Baba, kamar kullum. Na gauraya da sauran. Ka san aikin Salla, almajiraina shida ba su huta ba. Rumfa goma nake kai wa. Jiya aka ɗauki na ƙarshe."

Jatau bai faɗi ba, bai yi salati ba. Zama ya yi a ƙasa, ya cire takalmansa, ya ajiye su gefe.

Hawaja ya tattara kwali huɗun ya rungume. Ya ce wa mulazim ya janye ƙara, ba ya son a ɗaure kowa, jirginsa ranar Litinin ne. Shawish ya kwance ankwa. A waje wani ya kwashe da dariya ya ce Fallata sun yi wa littafin kafirai takalmi, wasu suka taya shi. Muntari ya durƙusa gaban ubansa yana kiran Baba, Baba, tsohon bai ko dube shi ba.

*

Muntari ya kwana a gida, abin da Mainasara ya nema ke nan, ya kuma samu. Amma Alhamis da Jumma'a Jatau bai ci komai ba. Liman ya zo ya ce masa babu laifi a kan wanda bai sani ba. Ya ce ya ji. Da liman ya tafi sai ya kamo hannun ƙanensa.

"Shekara nawa nake zuba takardun Nasara a na hagu? Wa ya taɓa karanta min su?"

Ranar Salla da safe gida ya kacame da shiri, Muntari na ɗaure rago, Khadiga na fama da yara. Sai da aka zo fita aka ga shimfiɗar tsohon babu kowa. Takalmansa na nan a bakin ƙofa.

Wannan sawun kam ba sai an nema ba. Ƙafa ba takalmi, ta hagu na ja, ga ɗigon sanda a dama. Mainasara ya bi shi ta lungu, ya tsallaka titi, ya bi bayan kasuwa, yana sauri gwiwa na hana shi. Sawun ya miƙe zuwa babban masallacin unguwa. Tun daga nesa ya jiyo an sallame, sannan ya jiyo ihu.

"Harami! Harami! Ɓarawon takalma!"

Ya ture mutane da kafaɗa yana kiran sunan Allah. A ƙofar masallacin takalma ne jibge, ɗaruruwa, yawancinsu sabbin markub na Salla, ja da ruwan ƙasa. A tsakiyarsu Jatau na zaune, hularsa ta faɗi, goshinsa na jini. Ya tara takalma cike da gaban rigarsa, ya ƙanƙame su a ƙirji, wani ƙato na fizgar ɗaya shi kuma ya ƙi saki.

"Ku bar shi! Yayana ne! Ba ɓarawo ba ne!"

Wasu da suka san Mainasara suka janye mutane. Ya durƙusa a gaban wansa, ya sa bakin rawaninsa yana goge masa jinin. Tsohon ya ɗago ya gane shi, har ya ɗan yi murmushi, irin na wanda taimako ya iso masa.

"Yauwa, Ƙanena. Kai ne ka san ƙafa. Duba min. Waɗanne ne? Mu cire su kawai mu kai kogi."

Mainasara ya dubi tarin takalman. Yana iya faɗar wanne ne na gurgu, wanne ne na mai ƙiba, wanne ne na wanda ya zo a makare da gudu. Ya ɗauki ɗaya ya juya tafinsa, ya ɗauki wani. Duk ɗinki ɗaya ne, fata ɗaya, a rufe ruf. Masu su na tsaye a kansu ba takalmi, kowa na jiran nasa ya tafi yanka.

"Ban sani ba, Yaya," in ji shi.

Sai ya fara zare takalman daga hannun tsohon ɗaya bayan ɗaya, yana miƙa wa masu su, suna sawa suna tafiya.